Wane antibodi za ka saya don ganin makarɓan serotonin a ƙwaƙwalwa?

Ɗalibin digiri na biyu ko na uku a Ngaundere, Garwa, Marwa ko Njamena, in dai aikinsa ya taɓa ƙwaƙwalwa, yakan iso gaɓar da malaminsa zai ce masa gwajin halayyar ɓera kaɗai ba zai ishe su ba, sai an nuna abin da ya canza a ciki. Galibi aikin na tsiron magani ne. An ba ɓera ruwan saiwar tafashiya ko kajiji ko uwar magunguna, an ga tsoronsa ya ragu, ko ya daɗe yana iyo bai saduda ba, sai zato ya karkata ga serotonin, sinadarin da sel, wato ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa, ke aika wa juna saƙo da shi. Daga nan sai a buɗe kundin kamfanoni a intanet, a rubuta 5-HT1A, sunan ɗaya daga makarɓan serotonin, a tarar da kwalaben antibodi rututu, kowace da hotonta mai kyau. Antibodi furotin ne da jikin dabba ke ƙerawa, mai manne wa abin da ya sani, da shi ake rina makarɓi a gan shi. Ƙaramar kwalba mai mikrolita 100 takan kai Yuro 300 zuwa 600. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, wato ana maganar sefa dubu 200 zuwa dubu 400, ban da kuɗin jirgi da na kwastan. Ɗakin gwajin da bai fi ƙarfin kwalba ɗaya ko biyu a shekara ba, in ya yi zaɓen tumun dare, aikin ɗalibi guda ya tafi ke nan. Saboda haka nake so in baje wa ƙannena zaɓin da ke gabansu.

Sai an san abin da ake farauta tukuna. A 1948 aka ware serotonin daga jini a birnin Cleveland na Amurka, aikin Rapport da Green da Page, a 1953 kuma Betty Twarog ta nuna yana cikin ƙwaƙwalwar dabbobi masu shayarwa. Kusan kashi 90 cikin 100 na wanda ke jiki a hanji yake. Ɗan abin da ke ƙwaƙwalwa, wasu ƙananan tarin sel ne a gindinta, waɗanda ake kira rafe, suke yin sa su aika da shi ko'ina. Abin da zai yi a kowane wuri ya danganta da makarɓin da ya tarar a can, wato furotin ɗin fatar sel da ke karɓarsa. Makarɓan nan 14 ne, cikin gida bakwai, daga 5-HT1 zuwa 5-HT7 (5-HT gajeren sunan serotonin ne). Sha uku daga cikinsu dangi ɗaya ne: zare guda na furotin da ya ratsa fatar sel sau bakwai, yana isar da saƙo ta hannun furotin G. Na dabam shi ne 5-HT3, wanda ƙofa ce mai sassa biyar da ke buɗewa ta bar gishirin jiki ya shiga.

Akwai tarko tun daga nan, domin ba kowace dabba ce ke da duka 14 ba. Babu 5-HT1E a ɓeran ɗakin gwaji, babba ko ƙarami, amma akwai shi a mutum da ɓeran Masar. Shi kuwa 5-HT5B yana aiki a ɓera, a mutum ƙwayar gadonsa ta lalace. Sassan 5-HT3 da ake kira C da D da E mutum ke da su, ɓera A da B kawai gare shi. Duk kundin da ya nuna maka hoton 5-HT1E a ƙwaƙwalwar Wistar, wani irin babban ɓeran ɗakin gwaji, ya riga ya faɗa maka darajar sauran hotunansa.

Wahalar waɗannan makarɓai ta samo asali ne daga ƙirarsu. Ba su da yawa a cikin sel, mafi yawan jikinsu a binne yake cikin kitsen fatar sel, ɗan abin da ya leƙo waje kuma sau da yawa sukari ya lulluɓe shi. Ga kamanni tsakanin 'yan gida ɗaya, musamman 2A da 2B da 2C. Kamfani yakan haɗa guntun furotin ne mai amino asid (tubalan ginin furotin) 15 zuwa 20, ya yi wa dabba allurarsa, sai a sami antibodin da ya san guntun a miƙe, amma bai taɓa ganin makarɓin a naɗe yadda yake a ƙwaƙwalwa ba.

Wannan ba zargi ba ne kawai, an auna. A 2009 mujallar Naunyn-Schmiedeberg's Archives of Pharmacology ta buga jerin ayyuka, Michel da Wieland da Tsujimoto suka tattara sakamakon: antibodi 49 da aka yi wa makarɓai iri 19, na adrenalin da dopamin da makamantansu, duk an same su ba sa tsayawa kan abin da aka yi su dominsa. Ba na serotonin ba ne, amma mafi yawansu 'yan dangin nan ne masu ratsa fata sau bakwai. A 2010 Weber da Andrade suka kawo maganar gida, suka gwada antibodin 5-HT2A a kan ɓerayen da aka cire wa ƙwayar gadon makarɓin, ba dukkansu ne suka ci jarrabawar ba. A 2023 wani aiki a mujallar Science Advances ya gwada antibodi 407 a kan makarɓai 215 na wannan dangi: kusan kashi 61 sun kama nasu, kashi 11 sun kama na wani, kashi 28 ba su kama komai ba. An samu ci gaba, amma har yanzu cikin kowane biyar, biyu asara ne.

Iri uku da ke kasuwa, da na huɗu da ke tafe

Na farko shi ne folikulonal. Ana yi wa zomo allura, wani lokaci akuya ko ɓeran Masar, a jira makonni, a ɗebi jininsa a tace. Abin da ke cikin kwalbar taron antibodi ne iri-iri, kowane ya kama wani gefe na guntun. Na biyu monokulonal, wanda Köhler da Milstein suka ƙirƙiro hanyarsa a Kambirij a 1975, suka sami kyautar Nobel a 1984: sel guda aka zaɓa aka raya zuriyarsa, saboda haka duk abin da ke kwalbar iri ɗaya ne, wuri ɗaya yake kamawa. In saniya ta ɓata aka je nemanta a kasuwar shanu, folikulonal kamar a tura mutanen ruga goma ne, wannan ya san ƙahonta, wancan ya san tabon cinyarta, wani launinta. Da wuya ta kuɓuce musu, amma ba a rasa wanda zai nuna saniyar wani. Monokulonal kuwa mutum ɗaya ne da ya san tsagar kunnenta kaɗai. In ya gani ya gane, in laka ta rufe kunnen ya dawo hannu rabbana.

Lakar a nan ita ce fomalin. Sinadarin da muke daskarar da ƙwaƙwalwa da shi yana ɗaure furotin da juna, yana iya rufe wurin da monokulonal ya sani. Shi ya sa folikulonal ya fi ba da rini mai ƙarfi a yankan ƙwaƙwalwa, musamman ga makarɓi maras yawa, kuma da yawa daga antibodin makarɓan serotonin da suka yi suna a rubuce-rubucen masana na zomo ne. Ba a raina shi. Aibinsa babba shi ne zomo yana mutuwa. In jinin wancan zomon ya ƙare, kamfani ya ɗauko wani zomo, lambar kundi ba ta canza ba amma abin da ke kwalbar ya canza. Takardar da ka karanta ta shekara goma da suka wuce tana yabon jinin zomon da ba ya duniya. Kafin ka biya, tambayi lambar rukunin da za a aiko maka, ka tambaya ko an sake gwada wannan rukunin.

Monokulonal ya kuɓuta daga wannan, amma yana da tasa matsalar da ta shafe mu kai tsaye. Yawancinsa daga ƙaramin ɓera ake samo shi, ɗakunan gwajinmu kuma da ƙaramin ɓera irin Swiss suke yawan aiki. Antibodi na biyu, wanda ke ɗauke da launi, aikinsa ya nemo antibodin ɓera ya manne masa. In naman ma na ɓera ne, sai ya manne wa antibodin da ke jinin dabbar, jijiyoyin jini su yi ta haske, musamman in ba a wanke jinin sosai ba kafin a daskarar. Akwai magungunan toshe wannan, amma ƙarin kuɗi ne. Mai aiki da babban ɓera irin Wistar ya fi sauƙi, sai dai ya tabbata na biyun an tace shi daga kama antibodin babban ɓera.

Na uku rikombinan. A nan an karanta ƙwayar gadon antibodin an adana, duk lokacin da ake so sai a sa sel su ƙera shi. Na bana da na baɗi ɗaya ne. Yawancin waɗanda ke kasuwa asalinsu na zomo ne, don haka matsalar ɓera a kan ɓera ba ta taso ba. Ƙungiyar YCharOS da ke Kanada ta buga a mujallar eLife a 2023 gwajin antibodi 614 a kan furotin 65 masu alaƙa da ƙwaƙwalwa, ta amfani da sel da aka cire wa ƙwayar gado. Rikombinan ne ya zo na ɗaya, monokulonal na biye, folikulonal a ƙarshe. Amma a kula, ko a cikin rikombinan akwai da yawa da suka faɗi. Kasancewarsa rikombinan yana tabbatar maka cewa ba zai canza ba ne kawai. In mai kama furotin ɗin da ba nasa ba ne, haka zai ci gaba da kama shi kowace shekara.

Na huɗu ina ambatonsa ne don yana taɓa min zuciya. A 1993 masana a Jami'ar Brussels suka ba da rahoton cewa raƙumi yana da wani irin antibodi maras ƙaramar sarƙa. Kan wannan antibodi, in aka yanke shi, nauyinsa kilodalton 15 ne a ma'aunin nauyin furotin, alhali na zomo 150 ne. Yana kutsawa cikin nama, yana jure zafi, ana iya ƙera shi cikin bakteriya da araha. Da irinsa, wanda aka samo daga dabbar lama, ɗakin gwajin Brian Kobilka ya riƙe makarɓin adrenalin a yanayin aikinsa aka ɗauki siffarsa a 2011. Cadi na cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan raƙuma a duniya, kuma ina fatan ganin ranar da wani ɗakin gwaji a Njamena ko Abeche zai ɗauki wannan aiki. Amma ga ɗalibin da zai kare kundinsa baɗi, wannan ba shi ne zaɓin ba, domin ba shi da dogon tarihi a rinin makarɓan serotonin kamar sauran ukun.

Bayan iri, sai a duba inda antibodin yake kamawa a jikin makarɓin, abin da mutane da yawa ba sa dubawa. Wanda aka yi wa kan da ke wajen sel yana ba ka damar rina makarɓan da ke saman fata kaɗai, ko a sel mai rai, ba tare da sabulun Triton ba. Sai dai a nan ne sukari ya fi taruwa. Wanda aka yi wa madauki na uku na ciki, ko wutsiyar da ke cikin sel, ya fi iya bambanta 'yan gida ɗaya, domin a nan suka fi saɓawa, amma dole a huda fatar sel da Triton kafin ya shiga. A 5-HT1A wutsiyar gajera ce, madauki na uku ne dogo. A 5-HT4 da 5-HT7 kuma akwai nau'o'i da yawa da bambancinsu a wutsiya yake, don haka antibodin wutsiya zai iya nuna maka nau'i ɗaya ya ɓoye sauran. In kamfani ya bayyana jerin amino asid ɗin guntun, kwafe shi ka sa a manhajar BLAST, kyauta ce, ka ga ko ya dace da dabbarka, ka ga ko yana kama da wani furotin. In kamfani ya ce sirri ne, ni dai wucewa nake yi.

Shaidar da za a yarda da ita

A nan ne zaɓin yake a gaskiya, domin folikulonal mai shaida ya fi rikombinan maras ita.

Babbar shaida ita ce ɓeran da aka cire wa ƙwayar gadon makarɓin. A rina yankansa da na ɓera lafiyayye rana ɗaya, da ruwa ɗaya. In rinin ya ɓace a wanda ba shi da makarɓin, antibodin na gaskiya ne. In bai ɓace ba, duk kyan hoton wani abu dabam yake nunawa. Irin waɗannan ɓeraye sun daɗe: na 5-HT1B tun 1994, na 5-HT2C tun 1995, na 5-HT1A kuma ɗakunan gwaji uku ne suka fitar da shi a 1998, dukkansu suka ga ya fi sauran ɓeraye tsoro. Mu ba mu da su a nan, amma ba sai an shigo da dabba ba. Yanka kaɗan da aka daskarar da fomalin, a cikin ruwan adana mai gilisarol, ya isa, kuma yana jure tafiya. Wasiƙa mai ladabi zuwa ga wanda ya buga aiki da irin ɓeran, ko haɗuwa a taron Ƙungiyar Masana Ƙwaƙwalwa ta Afirka, SONA, ko makarantun da IBRO, ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta duniya, ke shiryawa, takan buɗe wannan ƙofa. Sannan shaidar ta zama ta irin aikin da za ka yi: antibodin da ya ci jarrabawa a Westan bulot, gwajin da ke rarraba furotin bisa nauyinsu a layi-layi, bai zama dole ya ci a yanka ba, domin a ɗaya furotin a warware yake, a ɗaya a naɗe.

Ƙasa da wannan akwai rage makarɓin da siRNA, guntun RNA mai hana sel ƙera shi, a ga rinin ya ragu. Akwai kuma sel ɗin da ake rainonsu a kwano, irin HEK293, da aka dasa wa 2A a wani kwano, 2B a wani, 2C a wani, a ga antibodin ya kama ɗaya ya bar biyu. Raunin wannan shi ne sel ɗin da aka dasa wa yana cike maƙil da makarɓin fiye da yadda ƙwaƙwalwa take. Akwai kuma antibodi biyu da aka yi wa wurare dabam-dabam su ba da hoto iri ɗaya, shaida mai kyau amma kuɗi biyu.

Wadda kowa zai iya yi ba tare da ko sisi ba ita ce gwada hotonsa da taswirar da aka riga aka sani. 5-HT1A yana da yawa a rafe na sama, da yankin CA1 na hifokamfus, da saftum, ya yi ƙaranci ƙwarai a ƙaramar ƙwaƙwalwa ta baya a dabbar da ta girma. 5-HT2A yana shimfiɗa ta biyar ta ɓawon ƙwaƙwalwa da kilostiram. 5-HT2C ya fi yawa a koroyid filesus, inda ake yin ruwan ƙwaƙwalwa, can aka fara gano shi ma. 5-HT3 yana yankin da ke tayar da amai a gindin ƙwaƙwalwa, dalilin da ya sa ondansetron ke hana amai. 5-HT6 yana sitirayatum, a kan ɗan siririn gashin da ke fitowa daga sel. Taswirar Allen Brain Atlas tana intanet kyauta, tana nuna inda saƙon kowace ƙwayar gado, wato RNA ɗin da ake bi a ƙera furotin, yake a ƙwaƙwalwar ƙaramin ɓera. A yi hattara da 5-HT1B: ana ƙera shi a jikin sel, amma ana tura shi can ƙarshen dogon hannun sel ɗin, don haka saƙon yana sitirayatum, furotin ɗin kuma ya taru a substanshiya nigra da gulobus falidus. Antibodin da ya rina ko'ina daidai wa daida, kowane sel ya yi launi, wannan abin tsoro ne.

Akwai shaidu biyu da kundayen kamfanoni suka fi nunawa, waɗanda ba su kai yadda ake ɗaukarsu ba. Ta farko toshewa da guntun furotin: a haɗa antibodin da guntun da aka yi shi da shi, rini ya ɓace, a ce ya tabbata. Abin da wannan ya nuna kawai shi ne antibodin ya san guntunsa. In yana kama wani furotin mai kama da guntun, shi ma rinin zai ɓace. Ta biyu cire antibodi na farko a ga babu rini. Antibodi na biyu kaɗai wannan ya wanke daga zargi. A yi su duka, amma kada a rubuta a kundin digiri cewa sun tabbatar da komai. Clifford Saper ya yi wannan gargaɗi tun 2005 a matsayinsa na editan Journal of Comparative Neurology, kuma masu duba takardu a mujallun ƙwarai sun san shi.

Game da Westan bulot, ga abin da ke sa ɗalibai zargin antibodi mai kyau. An saba tafasa samfur kafin a zuba shi. Makarɓan nan kuwa in an tafasa su dunƙulewa suke yi, su maƙale a bakin rami, ba su sauka ba. A ɗumama su a digiri 37 na rabin awa, ko a bar su a zafin ɗaki. Sannan a lissafi 5-HT1A kilodalton 46 ne, 5-HT2A kuma 53, amma saboda sukarin da ke jikinsu sukan fito sama da haka, a baje ba a siririn layi ba. Layi guda tsaf a daidai nauyin lissafi ya kamata ya sa ka tambaya. In aka sa sinadarin PNGase F ya cire sukarin, layin ya sauko ya tsuke, wannan alama ce mai daɗi.

Zaɓin launi a wurinmu ba shi da tsawon magana. Launi mai ƙyalli yana ba da damar rina furotin biyu ko uku a yanka ɗaya, amma yana son maikuroskof na musamman, da duhu, da sanyi, kuma yana dushewa. Sinadarin DAB yana ba da launin ƙasa-ƙasa da ke zama shekaru, ana ganinsa da maikuroskof na yau da kullum, gilasan kuma suna iya shiga jaka su yi tafiya. Inda babu tabbacin na'ura, DAB ne. A sa safar hannu, domin ana zarginsa da haddasa ciwon daji, a kuma kashe ƙwazon feroksides na naman, wato enzayim ɗin da ke sa DAB ya yi launi, da hydrojin feroksaid kafin a fara.

Sai hanya da zafi, wanda kundin kamfani ba ya lissafawa. Kaya sun sauka Duwala ko Yawunde, sun jira takardu, sun kwana a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, in na Garwa ne ko Marwa sun sake hawa mota. Daga Maris zuwa Mayu zafin Garwa da Marwa da Njamena yana haura digiri 40. Antibodi tsirara ya fi yadda ake tsammani juriya, kwanaki kaɗan ba sanyi ba sa kashe shi. Abin da ke lalata shi shi ne daskarewa da narkewa a kai a kai, wato daidai abin da ɗaukewar wuta ke yi wa firiza. Saboda haka in antibodi biyu sun yi kunnen doki a shaida, ɗauki wanda ake sayarwa a busasshen gari. In babu, ɗauki mai gilisarol kashi 50, domin ba ya daskarewa a digiri 20 ƙasa da sifili, wuta ta tafi ta dawo bai narke ba tunda bai daskare ba. Wanda ba shi da gilisarol a rarraba shi ƙananan kwalabe ran da ya iso, kada kowace ta gaza mikrolita 10, a jera gorunan ruwa daskararru kewaye da su. Firiza mai narkar da ƙanƙararta da kanta ba wurin ajiyarsa ba ce. Antibodi na biyu, mai ɗauke da enzayim ko launi, ya fi na farko rauni, kuma sodiyam azaid da ake sawa don hana ruɓewa yana kashe feroksides, kada ya shiga ruwan na biyun. In da hali a yi oda ta iso cikin hunturu, Disamba ko Janairu.

Ko antibodin makarɓi ne ma kake bukata?

Wannan ce tambayar da na fi so ɗalibi ya kai wa malaminsa kafin a fitar da kuɗi. In abin da ake son sani shi ne ko tsiron yana aiki ta 5-HT1A, antibodi ba ya amsa wannan. Magani na iya kama makarɓi ya motsa shi ba tare da yawan makarɓin ya canza ko kaɗan ba, musamman in sau ɗaya aka ba dabba. Sai ɗalibi ya yi wata shida yana rini, ya ga babu bambanci, ya ɗauka tsiron ba ya bi ta nan, alhali tambayar ce ba a yi ta daidai ba. Amsa kai tsaye tana wurin maganin toshewa: a ba ɓera WAY-100635 kafin ruwan tsiron, in tasirin ya ɓace to 5-HT1A na da hannu. Ga 5-HT2A akwai MDL 100907, wanda ya fi ketanserin tsayawa wuri ɗaya, domin ketanserin yana taɓa makarɓan adrenalin da histamin. Ga 2C akwai SB-242084. Ga 5-HT3 ondansetron yana kantin magani. Da maganin PCPA kuma ana iya zuƙe mafi yawan serotonin ɗin a ga ko tasirin zai tsira. A saka buspiron, maganin fargaba mai aiki ta 1A, a matsayin ma'auni in ana maganar tsoro da 1A. Yawancinsu gari ne, hanya ba ta cika yi musu illa ba.

In an daɗe ana ba dabba maganin, makonni biyu ko uku, ana son sanin ko makarɓin ya ƙaru ko ya ragu, RT-qPCR, gwajin da ke auna yawan saƙon ƙwayar gado, ya fi araha kuma ya fi bambanta 2A da 2C fiye da kowane antibodi. Firamomi, wato guntayen DNA da ake gwajin da su, a bushe suke zuwa, injinan PCR kuma sun ƙaru a yankinmu tun zamanin korona. Iyakarsa ita ce saƙo yake aunawa ba furotin ba, sai a faɗi haka a kundi. Ƙwayar gadon 5-HT1A ba ta da intiron (guntun da ake yankewa daga saƙo) a sashenta mai ɗauke da furotin, don haka in ba a wanke samfur da DNase, enzayim mai narkar da DNA, ba, DNA ɗin dabbar za a ƙirga.

In kuma hoton ƙwaƙwalwa ake so lallai, akwai antibodin da suka fi na makarɓai aminci nesa ba kusa ba: na serotonin kansa, wanda Steinbusch ya zana taswirar ƙwaƙwalwar ɓera da irinsa tun 1981, na TPH2, enzayim ɗin da ke ƙera serotonin a ƙwaƙwalwa, na SERT, mai mayar da shi cikin sel, inda maganin ciwon damuwa fluoxetine ke aiki, da na c-Fos, wanda ke bayyana a sel da ya yi aiki, awa ɗaya da rabi zuwa biyu bayan an ba dabba magani. Waɗannan furotin suna da yawa, wurinsu sananne ne, kuskure yana saurin bayyana. Rina c-Fos tare da TPH2 a rafe yana nuna ko tsiron ya tashi sel ɗin serotonin ko ya kwantar da su, kuma ana iya yin sa da launi biyu a maikuroskof na yau da kullum.

Ga wanda tambayarsa ta wurin zaman makarɓin ce da gaske, a wane sel yake, ya koma ciki ko yana kan fata, babu makawa sai antibodin makarɓi. Shawarata gare shi a jere take. Rikombinan na zomo da aka gwada a naman da ba shi da makarɓin, a irin dabbarsa da irin aikinsa, shi ne na farko. In babu, folikulonal na zomo mai irin wannan shaida a takardar masu zaman kansu, bayan an tabbatar da rukunin, kuma a sayi abin da zai ishi aikin gaba ɗaya daga rukuni ɗaya. Monokulonal na ɓera sai in naman na mutum ne ko na Wistar. In aikin a sel na kwano ne, a dasa makarɓi mai ɗauke da alamar HA ko FLAG a sayi antibodin alamar, wanda amincinsa ya daɗe da tabbata. Kamfanoni da yawa suna sayar da ƙaramin awo na gwaji, mikrolita 10 ko 20. Gara a gwada biyu ko uku da shi kafin a sayi babbar kwalba, ɗakunan gwaji biyu ma suna iya haɗa kuɗi su raba.

Duk wanda aka saya, a rubuta a littafin aiki da cikin kundi sunan kamfani, lambar kundi, lambar rukuni, dabbar da aka samo shi, guntun da aka yi shi da shi, yawan ruwan da aka sirka, da lambar shaidarsa ta RRID da ake samu a rumbun Antibody Registry. In ya ƙi aiki, shi ma a rubuta, da hotunansa, a bar wa ɗalibin da zai zo a baya.